Abin da Kunkuru Ya Haɗiye a Ɗakin Inna

Birnin Ƙonni, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata, takwarar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kun sauka Tawa lafiya, ke da kakarki, babu abin da ya same ku sai gajiyar hanya. Allah Ya sanya albarka a aikin da kika samu, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci a buro, wato ofishinku, da maƙwabta masu amana a unguwa. Ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Kin san ni ba mai yawan magana ba ne. Shekara talatin ke nan ina koyar da lissafi da kimiyya a lakwal, makarantar boko, amma a gida kalmomina ba su da yawa. Gobe a tasha ba za ki ji komai daga bakina ba sai addu'ar hanya, da cewa ki buɗe karnen Inna, littafinta na asibiti, da zarar kun sauka. A cikinsa na sa wannan takarda, don kada karnen ya isa hannun likita kafin ita ta isa idonki.

Kin roƙe ni in ba ki injin sharar nan mai tafiya da kansa, wanda Inna ta sa wa suna Kunkuru. Kin ce za ki riƙa yini a wurin aiki, gidan da kika kama kuma daɓen karo ne, wato tayil, ko'ina, zai rage miki wahala. Na ce miki to. Shekaranjiya na sauko da shi daga ɗakin ajiya don in goge miki shi. Ba zai bi ki ba. Batirinsa ya kumbura saboda zafin wata shida da ya yi a rufe. Wannan shi ne ƙaramin dalili. Babban yana tafe, amma ki yi haƙuri in bi da ke ta hanyar da ni kaina na bi, domin na san ko ban ba ki wannan ba, wata rana za ki sayi naki.

Kuskurena na farko a wurin saye ne. Lokacin kina jami'a, mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, ta riga mu gidan gaskiya, gida ya rage daga ni sai Inna. Na ga injin a shagon wani ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Sakkwato. Ya watsa gero a kan wani sumul ɗin katako, ya saki abin, ya bi ya tsince tas. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba ya zuwa biki, ba ya ciwon baya, ba ya kai labarin gidanka maƙwabta." Na yi dariya. Na tambaye shi ƙarfin injin, da tsawon lokacin da batir ke ɗauka, da irin wutar da yake ci. Tambayoyin malamin kimiyya na yi masa, kuma ya amsa. Ban tambayi mace ko ɗaya mai riƙe tsintsiya abin da ake nema a shara ba. Na ɗauka na sani.

Saboda haka, idan za ki saya, kada ki yarda da gwajin shago. Ki ce a gwada a kan daɓen gidanki, da irin rairayin da takalma ke shigowa da shi, wanda ya fi gero nauyi da naci. Ki auna tsayin dokin ƙofofinki, domin nawa yakan hau ya maƙale, ƙafafunsa na juyawa a iska. Ki tabbata ana samun burushinsa da matatar ƙurarsa a kusa, kuma matatar mai wankuwa ce. Ki guji wanda ba ya motsi sai da intanet, ki kuma guji mai idon ɗaukar hoto. Gida ne na mata biyu, ɗaya ba ta iya suturta kanta sai an taimake ta, kuma ni da nake koyar da kimiyya ban san inda hotunan ke zuwa ba. Ki haɗa wurin cajinsa da na'urar daidaita wuta, kin san yadda wutarmu take tafiya ta dawo da ƙarfi. Kada ki bar shi yana caji a ɗaki mai zafi kin kulle kin fita. Abu na ƙarshe, wanda da na san shi da ban rubuta wannan takarda ba: ki zaɓi wanda akwatin shararsa garai yake, ana hango abin da ke ciki. Nawa baƙi ne.

Kuskure na biyu ƙarami ne, amma da na yi tunani a kansa da ya hana sauran. A makon farko ya haɗiye wayar cajin talho, ya tattauna gezar dardumata. Wata safiya aka bar ƙofa a buɗe, kazar maƙwabta ta shigo falo ta yi kashi. Injin ya bi ta kai, ya shafe falon da shi daga bango zuwa bango, har inda nake shimfiɗa darduma. Na yini ina wanki. Abin da na koya a ranar shi ne a riƙa kwashe wayoyi da tabarmi a rufe ƙofa kafin a sake shi, kuma ke ma ki yi haka. Abin da ya kamata in koya, ban koya ba: wannan abu ba ya bambance ƙazanta da dukiya. Duk abin da ya tarar a ƙasa, abincinsa ne.

Na uku shi ne Hajo. Kin san ta, ƴar Bazaga, wadda take zuwa kowace safiya tun mahaifiyarki na da rai, ta share gida ta zauna su yi hira da Inna. Da injin ya yi wata guda yana aiki, na kira ta na ce ta huta, shekaru sun ja, ga abin da zai ɗauke mata duƙawa. Na yi mata alheri gwargwado, na ɗauka na kyauta. Ta ce, "To Malam, Allah shi sa hutu ne." Ta tsaya kamar za ta ƙara wata magana, ni kuma na duba agogo. Ta koma Bazaga wurin ɗanta. Uwata, idan kika ga mutum ya tsaya a bakin ƙofa da magana a bakinsa, kada ki duba agogo.

Na huɗu yana buƙatar in tuna miki abin da kika sani. Ni ɗan fari ne. Inna mutuniyar Tajaye ce ta asali, tun da ta haife ni ba ta kama sunana ba, ba ta ci ko ta sha a gabana ba. Idan tana son gaya mini abu, bango take fuskanta ta ce, "A ce wa mutumen ga." Ke kina dariyar wannan tun kina ƙarama. Ni na girma a cikinsa har na daina ganinsa.

Da likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini, na ce ba wanda zai taɓa kwalin sai ni. Ni ne mai karatu a gidan, ni na san awo da lokaci. Kowace safiya ƙarfe bakwai in ɓallo ƙwaya ɗaya, in yi sallama, in sa mata a tafin hannu, in ajiye kofin ruwa, in fita da sauri don ta samu ta sha. Ban taɓa ganin ta haɗiye ba, kuma ban taɓa lura cewa ban gani ba. Ina duba kwali in ga gurbi ya ƙaru, in ce an sha. Injin kuwa na saita shi ya tashi da kansa ƙarfe takwas, bayan na tafi lakwal, ya fara da ɗakin Inna domin shi na fi so ya kasance da tsabta. Idan akwatinsa ya cika, in kai shi juji, in kau da kai saboda ƙurar na tayar mini da mura, in zazzage in dawo. Wata bakwai muka yi a haka.

Sauran kin san shi. Ta faɗi a bakin gadonta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, aka kira ki daga jami'a. Abin da ba ki sani ba shi ne tambayar da likita ya yi mini a asibiti kafin ki iso. Ya ce, "Tana shan maganinta kullum?" Na ce, "Ko kwana ɗaya ba ta tsallake ba, da hannuna nake ba ta." Ya sake tambaya, na nuna masa kwalayen da suka ƙare. Ya yarda da ni, domin na koyar da ƙanensa, kuma ya san ni ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Ya ce to ashe maganin ya yi mata kaɗan. Ya rubuta haka a karne, ya ƙara mata ƙarfinsa, ya haɗa da wani. Shi ne wanda kike ba ta yau wata shida.

Shekaranjiya da na buɗe akwatin injin, sai na tuna ba a zazzage shi ba tun ranar da ta faɗi, domin gida ya cika da masu dubiya na ɗauke shi na ajiye. Wannan karon a kan takarda na zazzage, a tsakar gida, da rana tsaka. A cikin rairayi da gashi da zare na ga farin abu. Ƙwaya huɗu. Uku lafiyayyu, ɗaya ta rabe biyu. Na san su kamar yadda na san yatsuna. Na yi lissafi, na sake yi: sharar da ke ciki ba ta wuce ta kwana biyar ba.

Ban shiga gida ba. Na hau kabu-kabu na tafi Bazaga. Na sami Hajo tana sussukar wake, na buɗe mata takardar. Ta duba, ta ajiye sanda, ta ce, "Inna lillahi. Malam, ai kai ga hannu kake ba ta, ni ga baki nike ba ta. In ka hita sai ta damƙe abin ta jira ni. Hannunta rawa yake, ba ta iya kai shi baki bai kuɓuce ba. Shekara ukku haka muke. Na zaci ka sani." Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba ranar da na sallame ta. Ta ce, "Na so. Na ga kana sauri."

Jiya da kika tafi wurin tela, Hajo ta zo da sunan yi wa Inna ban kwana. Na tsaya a bayan ƙofa. Ban taɓa laɓe ba a rayuwata, Allah Ya yafe mini. Bayan gaisuwa Hajo ta ce, "Inna, bayan tahiyata wa ka ba ki magani?"

Inna ta ce, "Ke dai bari. Abu ƙanƙane kamar tsabar gero, hannu na rawa, ido ba shi gani. Wata rana in dace, wata rana in ji ƙaras, ya hwaɗi ya yi tsalle. Shi hwari, daɓen hwari. In duƙa in lalaba, in lalaba, kahin in same shi sai ga Kunkuru ya shigo da gurnaninshi. Sai in ɗage ƙahwa in ce, to sha, wataƙila kai ma jininka ya hau, yawon ga naka ya yi yawa."

Hajo ta ce, "Subhanallahi, Inna! Ba ki kiran Malam?"

Ta ce, "In kira shi da mi? Shekara kusan sittin ban kama sunanshi ba, sai kan ƙwaya guda? Kuma ke ba ki ga mutumen ga ba ranar da ya kawo abin. Shina tsaye bakin ƙohwa shina kallonshi kamar wanda ya sai doki. In ce mishi dokinka ɓarawo ne? Ke dai kada ki hwaɗa mishi, ranshi ɓaci za shi yi."

Ba zan rubuta miki abin da na ji a lokacin ba. Ba ni da kalmominsa, kuma ba shi ne abin da kike buƙata ba. Ni na shimfiɗa farin karon nan a ɗakinta. A kan tsohon daɓen siminti, da ko makaho ya lalubo.

Ga abin da kike buƙata. Jiya da la'asar na je asibiti. Likitan da ya duba ta an yi masa canjin wurin aiki, sai na gaya wa wanda na tarar komai, ban rage ba. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa rashin shan maganin ne ya kayar da ita ba, amma abu ne mai yiwuwa ƙwarai. Sannan ya yi tambayar da ta hana ni sukuni tun jiya: ko tana jin jiri? Uwata, ke kika gaya mini sau biyu idonta ya yi duhu da kika zaunar da ita, muka ce raunin jinya ne. Ya zo gida ya auna ta da yamma, lokacin da na ce miki dubiyar ban kwana ce. Ya ce za ta iya tafiya, amma yana yiwuwa maganin yanzu ya fi ƙarfin abin da jikinta ke buƙata, tunda an ƙara shi ne a kan maganar da ba gaskiya ba, ke kuma kina sa mata shi a baki ba fashi. Ya ce kada mu daina, kada mu rage da kanmu, a kai ta wurin likitan Tawa da wuri a gaya masa gaskiya, shi zai auna ya yanke.

Don haka ina roƙonki, kada ki jira ranar ganin likita da aka ba ku. Washegarin saukarku ki kai ta, ko da za ki nemi izini a buro tun ba ki fara aiki ba. Ki nuna wa likita shafin da aka rubuta tana shan magani daidai, ki ce masa wannan layin ƙarya ne, kuma ɗanta ne ya faɗe shi. Kada ki sassauta don kare mutuncina. Na naɗe ƙwayoyin huɗu a ƴar takarda na manna a bangon karnen, ki nuna masa su. Kafin nan, ki riƙa tayar da ita a hankali, ta zauna jim kaɗan kafin ta miƙe, kada ki bar ta ta tashi ba kowa kusa.

Tsorona bai tsaya nan ba. A nan gida kina tare da ita yini. A can za ki riƙa fita da safe kina sauri, irin saurin da na yi. Wata rana za ki makara, ki sa mata ƙwaya a hannu ki ce, "Takwara, sha, na tafi." Ita kuma za ta ce to. Ke ba ta jin kunyarki, wannan rahama ce, amma ba ta son wahalar da kowa, kuma ba za ta kira ki ki dawo daga bakin ƙofa ba. Ki sa mata a baki, ki ba ta ruwa, ki tsaya har ki ga maƙogwaronta ya motsa. Idan za ki samo wadda za ta zauna da ita da rana, ki zaɓi mai surutu. Na ƙi masu surutu duk rayuwata, ga shi mai surutu ce ta riƙe mini uwa shekara uku ban sani ba.

Ban ce kada ki sayi injin ba. Na auna maganar, ba zan ɗora wa ƙarfe laifina ba. Ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Zai taimake ki a falo da ɗakinki, ga aiki ga jinya, bayanki ɗaya ne. Amma ki riƙe abu uku. Kada ki saita shi ya tashi da kansa ba kya gida, ke za ki tayar da shi bayan kin zaga da idonki. Kada ki taɓa zubar da akwatinsa ba ki baje shi a takarda kin duba ba, ko da ƙura za ta sa ki atishawa har azahar. Kuma kada ya tsallaka ƙofar ɗakin Inna, ko sau ɗaya, ko da kin gaji, ko da ita ta ce a bar shi ya shigo su gaisa.

Wannan ɗakin ki share shi da hannunki. Sai yanzu na gane abin da mata ke yi idan sun duƙa da tsintsiya da safe. Suna karanta ƙasa ne. Tuwon da aka ɓoye ba a ci ba, da sawun kunama a gefen bango, da jiƙar da tsoho ke jin nauyin faɗa, da ƙwayar da ta kuɓuce, duk a ƙasa ake samun labarinsu. Ni na sayi abin da ke goge labarin kafin kowa ya karanta, ina dawowa daga lakwal in leƙa in ga daɓe yana ƙyalli in ji daɗi. Yanzu ɗaki mai ƙyalli tsoro yake ba ni.

Hajo ta kawo tsintsiyar laushi sabuwa, ta ce a ba ki. Na ɗaure ta a jikin jakar Inna. Ki gafarce ni, na riga ki amfani da ita. Yau da safe da kika fita sallamar maƙwabta, na shiga ɗakin Inna na duƙa na share, karo na farko a rayuwata. Ban iya ba, na tayar da ƙura fiye da wadda na tara. Ta juya fuskarta bango har na kai bakin ƙofa. Sannan ta ce wa bangon, "Wanga kunkuru ya hi wancan. Ko ba komi shina da ido." Ta ƙara da cewa, "A ce mishi Allah shi yi albarka."

Ban sani ba ko ta gane na sani. Kada ki tambaye ta, kada ki gaya mata. Likita kaɗai za ki gaya wa. Idan kun fito daga wurinsa ki kira ni nan take, ko ina cikin aji zan ɗauka, abin da ban taɓa yi ba. Kuma duk safiyar da kika share ɗakinta kika tsinci wani abu a ƙasa, kome ƙanƙantarsa, ki gaya mini.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare muku hanya gaba da baya. Ya ba Inna sauƙi, Ya sa likitan da za ku tarar ya zama mai saurare. Ya ba ki haƙuri da ƙarfin baya da ido mai lura, Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya sa ki gama da kakarki lafiya. Na damƙa ku ga Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Ki gaishe ta. Ba sai kin ce daga wa ba.

Mahaifinki.